Shekara Ɗari Jirgi Yana Sauka a Kano: Tarihin Karatun Injiniyancin Jirgin Sama a Arewa

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na rundunar sojin saman Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Sun taso ne daga Helwan, kusa da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba, suka biyo ta Hartum da El Fasher da garin da ake kira Njamena a yau, suka yada zango a Maiduguri, sannan suka ƙaraso. Jagoran tafiyar, Arthur Coningham, shi ne daga baya ya shugabanci mayaƙan saman Ingila a hamadar Arewacin Afirka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jiragen samfurin DH.9A ne, masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya. Katako da waya da ƙyalle su ne mafi yawan jikinsu, kuma kowane mutum biyu yake ɗauka.

Shekara biyar bayan haka, a 1930, aka kammala layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa ta Gagarawa a ƙasar Gumel. Jirgin ƙasa ya zo ya zauna da mutane. Ya kwashi gyaɗa da fatu, ya ɗauki 'yan ƙasa aiki, har aka samu iyalan da kaka da uba da ɗa duk a reluwe suka ci abinci. Jirgin sama kuwa da masu gyaransa yake zuwa, da su yake komawa. An daɗe ana kallonsa kafin a shige shi, an daɗe ana shigarsa kafin a tuƙa shi, kuma sai a 'yan shekarun nan ne ɗan Gumel ko Maigatari ko Sule Tankarkar ya samu damar neman digiri a kan ƙirarsa ba tare da ya bar Najeriya ba. Wannan jinkiri yana da tarihi, kuma yana da farashin da aka riga aka biya da rayuka da dukiya.

Jirgi ya riga karatunsa haihuwa

Waɗanda suka fara tashi da jirgi mai inji ba su yi jami'a ba. Wilbur da Orville Wright masu shagon kekuna ne a garin Dayton na Amurka. Ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci tazarar mita 37. Abin da ake yawan mantawa shi ne aikin da suka yi shekara biyu kafin nan. Da suka ga alƙaluman da suka gada daga magabata ba su daidaita da abin da suke gani a fili, sai suka haɗa akwatin gwaji mai fanka a shagonsu, suna hura iska a kan ƙananan fikafikai iri-iri, suna aunawa suna rubutawa. Wannan akwati shi ne kakan bututun gwajin iska da ake samu yau a tsangayoyin injiniyancin jirgi.

Daga nan masana suka shigo. A 1904 Ludwig Prandtl, wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa ta koyarwa a Jami'ar Göttingen ta Jamus, ya bayyana yadda siririn sashen iskar da ke manne da jikin fiffike yake da alhakin yawancin tirjiyar da jirgi ke fuskanta, da kuma dalilin da ya sa fiffike yake daina ɗaukar nauyi farat ɗaya idan an ɗaga hancin jirgi fiye da kima. A 1909 aka buɗe makarantar koyar da injiniyancin jirgin sama a Paris. A 1914 Jami'ar Michigan da cibiyar MIT a Amurka suka fara koyar da fannin. Ke nan a ranar da Coningham ya sauka Kano, wannan ilimi ya riga ya samu malamai da littattafai da ɗakunan gwaji a Turai da Amurka. A duk faɗin Najeriya kuwa babu jami'a ko ɗaya. Sai a 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan, sai a 1962 Arewa ta samu tata a Zariya.

Akwatunan Takoradi

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinjoji tsakanin Hartum da Kano, daga baya ya miƙa har Legas. Amma yaƙi ne ya mayar da Kano babbar mahaɗa. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila. Sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi a wargaje cikin akwatuna zuwa tashar ruwa ta Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, sannan a tuƙa su ayari-ayari ta Legas, Kano, Maiduguri, El Geneina, El Fasher da Hartum har zuwa Masar. Daga Satumbar 1940 zuwa 1943 jirage fiye da dubu biyar suka bi wannan hanya.

A waɗannan shekaru ƙasar Hausa ta ga jirage da injuna da makanikai fiye da kowane lokaci a baya. 'Yan ƙasa sun share fili, sun zuba tsakuwa, sun mirgina gangunan mai, sun yi gadi. Da yaƙi ya ƙare, masu ilimin suka tattara kayansu suka tafi, suka bar titin sauka da rumfunan ajiya. Fili ya zauna, sani bai zauna ba, domin babu makarantar da za ta kama shi.

A 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na Afirka ta Yamma, WAAC, mallakar ƙasashe huɗu da Ingila ke mulka: Najeriya, Gana, Saliyo da Gambiya. A shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga Kano zuwa Jidda, tafiyar da a da take cin watanni a mota ko shekaru a ƙafa ta hanyar Sudan. A 1958 aka kafa kamfanin da ya zama Nigeria Airways. Ta hanyar aikin Hajji ne jirgin sama ya shiga rayuwar talakan Arewa, har tsohuwar da ba ta taɓa zuwa Kaduna ba ta san ƙarar tashinsa da lallausar saukarsa.

Zariya, 1964

Shekarar 1964 ita ce mafarin koyar da aikin jirgi a cikin gida. A watan Afrilu majalisa ta zartar da dokar kafa Rundunar Sojin Sama ta Najeriya, wadda Jamus ta Yamma ta taimaka wajen ginawa, har wani hafsan Jamus, Gerhard Kahtz, ya zama kwamandanta na farko. A shekarar ne kuma aka kafa cibiyar horar da ma'aikatan jiragen farar hula a Zariya, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya. Ita ce yau ake kira Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya. Ta yaye matuƙa da masu ba jirage hannu daga hasumiya da injiniyoyin gyara da masu kula da na'urorin sadarwa, daga Najeriya da wasu ƙasashen Afirka.

A nan akwai bambancin da ya kamata iyaye da ɗalibai su gane, domin ruɗa shi ya sa wasu sun kashe kuɗi a inda ba nan suka nufa ba. Sana'a uku ce ake haɗawa a baki ɗaya. Ta farko tuƙi: matuƙi yana samun lasisi bayan ya cika sa'o'in tashi, sannan ya nemi shaidar ƙwarewa a kan kowane samfurin jirgi da zai tuƙa. Ta biyu gyara: injiniyan gyara yana da lasisi daga hukumar kula da jiragen farar hula, kuma shi ke sa hannu a littafi cewa jirgi ya cancanci tashi. Ta uku ƙira: wannan shi ne injiniyan jami'a, wanda ke lissafa kaurin ƙarfen da fiffike ke buƙata, da yawan man da inji zai sha, da abin da zai faru idan inji ɗaya ya mutu yayin tashi. Zariya ta ɗauki biyun farko. Ta ukun ta zauna babu gida na kusan shekara hamsin. Wanda ya so ta sai ya karanta injiniyancin injuna ko na lantarki a Zariya ko Kano, sannan ya nemi gurbi a Ingila ko Amurka ko Tarayyar Sobiyet, kuma da yawa daga waɗanda suka tafi ba su samu abin da za su dawo su yi ba.

Tayoyin Jidda

Arewa ta san farashin wannan sana'a ta hanya mafi ɗaci. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin Boeing 707 da aka yi haya daga kamfanin Jodan, ɗauke da alhazai daga Jidda, ya faɗi yayin sauka a Kano. Mutum 176 suka rasu daga cikin 202. A lokacin, yana cikin haɗurran jirgi mafi muni da duniya ta taɓa gani.

Na 11 ga Yuli, 1991, ya fi kusa da batun gyara. Jirgin DC-8 ne na wani kamfanin Kanada, yana aiki da sunan Nigeria Airways, zai kawo alhazai Sakkwato. Bincike ya nuna cewa wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, cewa masu kula da jirgin sun san da haka, kuma an bar shi ya tashi don gudun jinkiri. Idan taya ɗaya ta yi laushi, ta kusa da ita ce ke ɗaukar nauyin da ya fi ƙarfinta. A kan titin tashi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfe ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe tayoyin cikin jirgi kamar yadda aka saba, suka shigar da wutar wurin da bututun mai da wayoyin lantarki suke. Jirgin ya juyo zai sauka, bai kai ba. Duka mutum 261 da ke ciki suka rasu.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addinin da ya koyar da haka shi ne ya koyar da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ma'aunin iskar taya abu ne da kowane mai faci a bakin kasuwar Maigatari ya san amfaninsa. Abin da ya rasa a Jidda shi ne mutumin da ya san lissafin abin da ke biyo bayan laushin taya, kuma yake da ikon cewa jirgi ba zai tashi ba, a ji maganarsa. Irin wannan mutum makaranta ke fara gina shi, doka ta ƙarfafa shi.

Kaduna: daga Air Beetle zuwa Tsaigumi

Yunƙurin farko na haɗa jirgi a Najeriya a Kaduna aka yi shi. A ƙarshen shekarun 1980 kamfanin AIEP, mai alaƙa da Dornier na Jamus, ya ɗauki zanen wani ƙaramin jirgin Amurka mai kujera biyu, RV-6A, ya yi masa gyare-gyare don horar da matuƙan soja, aka sa masa suna Air Beetle. Rundunar sojin sama ta yi odar guda 60. An haɗa su a Kaduna, kuma ɗaliban tuƙi sun fara koyon tashi da su. Zanen na waje ne, injin ma haka, amma hannuwan da suka haɗa na gida ne. Da aikin ya ƙare ba a ɗora wani a kansa ba.

A Kadunar ne kuma rundunar ta buɗe makarantar horar da masu gyara da masu kula da kayan aiki a 1977. A 2008 aka ɗaga darajarta ta zama Cibiyar Fasaha ta Rundunar Sojin Sama, wadda aka fi sani da AFIT. Ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Cranfield ta Ingila, inda hafsoshi suka yi karatun digiri na biyu ta hanyar zana jirgi marar matuƙi tun daga farar takarda. Na farko an kira shi Amebo. A Disambar 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da Gulma, a Fabrairun 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal. Sunayen sun dace da aikin, tunda jirage ne na leƙen asiri, masu gani su kai rahoto.

A 2018 cibiyar ta samu izinin ba da digiri, kuma tana ɗaukar farar hula ta hanyar jarrabawar JAMB, har da fannin injiniyancin jirage da sararin samaniya. Kafin nan Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete ta buɗe sashen wannan fanni, tana cikin jami'o'in farko da suka yi haka a ƙasar. Daga saukar Coningham zuwa ranar da ɗan Arewa zai cike takarda ya nemi wannan digiri a Kaduna, an yi shekara 93.

Sha'awa kuwa ba ta jira jami'a ba. A 2007 kafafen labarai na duniya suka ɗauko labarin wani ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a Kano da injin tsohuwar mota ƙirar Honda da tarkacen ƙarfe. An yi ta mamaki, an yi ta yabo. Irin wannan hazaƙa tana kai mutum ɗaga abu daga ƙasa. Tabbatar da cewa abin zai tashi sau dubu goma ya sauka lafiya, wannan sai da lissafi da gwaji, kuma shi ne abin da digirin yake koyarwa.

Abin da ake karantawa

Digirin injiniyanci a Najeriya shekara biyar ne, da watannin koyon aiki a masana'anta. Ana shiga da sakamako mai kyau a Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Turanci. Shekarun farko ɗalibin jirgi tare yake zama da sauran injiniyoyi: lissafi mai zurfi, zane, ƙarfin kayan aiki, ilimin zafi da na kwararar ruwa da iska. Daga nan hanya ta rabu gida huɗu.

Na farko shi ne mu'amalar iska da jiki mai tafiya. Ƙarfi huɗu ke aiki a kan jirgi: nauyi yana ja ƙasa, fiffike yana ɗagawa, inji yana turawa, iska tana tirjewa. Ɗagawar fiffike ta dogara da kaurin iska, iska kuwa tana sirancewa da zafi. Iskar da ta kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyos ta fi ta digiri 15 sirantaka da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Saboda haka jirgin da zai tashi daga Kano ko Dutse da azahar a watan Afrilu yana buƙatar titi mafi tsawo, ko kaya mafi sauƙi, fiye da wanda zai tashi da asuba a watan Janairu.

Na biyu shi ne ƙarfin gangar jiki. A 1954 jirage biyu samfurin Comet, jirgin fasinja na farko mai injin jet, suka tarwatse a sama. Masu bincike a Farnborough ta Ingila suka saka gangar jikin wani Comet a cikin katon tankin ruwa, suna matsa shi suna saki, kamar yadda yake kumbura ya sace a kowace tafiya, har ya tsage. Daga nan duniya ta ɗauki gajiyar ƙarfe da muhimmanci. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta karye ya ga abin da idonsa. Aikin injiniya shi ne ya faɗi sau nawa za a lanƙwasa kafin ta karye, ya sa a canza ta tun da sauran nisa.

Na uku shi ne inji: yadda ake zuƙo iska, a matse ta, a ƙona mai a cikinta, a fesar da ita baya. A nan ma yanayin ƙasar Hausa yana da nasa darasi. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana rufe filayen jirgi, tana kuma cin ruwan wuƙaƙen inji a hankali kamar yadda yashi ke cin bakin garma. Na huɗu shi ne daidaito da sarrafawa, wanda a yau rabinsa aikin kwamfuta ne da na'urorin awo.

Babu ɗaya daga cikin huɗun da ake iya koya da allo kaɗai. Ana buƙatar bututun gwajin iska, injin da za a kwance a haɗa, na'urar karya ƙarfe don auna ƙarfinsa, da wutar lantarki mai tsayawa. Mai neman gurbi ya fi kyau ya je ya ga ɗakin gwaji da idonsa, ya tabbatar hukumar jami'o'i ta ƙasa da majalisar COREN sun amince da sashen, kafin a sayar da sa ko gona a biya kuɗin makaranta.

Darasin Barazil

A 1950 Barazil ƙasar kofi da rake ce, ba ta ƙera ko motar kirki. A shekarar ne wani hafsan sojin sama, Casimiro Montenegro Filho, ya jagoranci kafa cibiyar koyar da injiniyancin jirgi, ITA, a garin São José dos Campos, da taimakon wani farfesa daga MIT mai suna Richard Smith. A gefen makarantar aka kafa cibiyar bincike. Shekara 18 ana yaye ɗalibai kafin jirgin da suka zana, Bandeirante, ya tashi a 1968. A 1969 gwamnati ta kafa kamfanin Embraer don ƙera shi, ta ɗora tsohon ɗalibin makarantar, Ozires Silva, a kansa, sannan rundunar sojin saman ƙasar ta zama babbar mai saye.

A 2021 Najeriya ta karɓi jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano. Zanen Embraer ne. A shekarar ne kuma kamfanin Air Peace ya fara karɓar sababbin jiragen fasinja daga kamfanin. Barazil ta jera abubuwa uku a wuri ɗaya, makaranta da cibiyar bincike da masana'anta mai tabbataccen mai saye, ta kuma haƙura shekara ashirin. Najeriya ta taɓa kowanne daga cikin ukun a lokuta daban-daban, ba su taɓa haɗuwa a lokaci ɗaya ba.

Habasha ta bi wata hanyar da ta fi kusa da ƙarfin Najeriya. Ba ta ƙera manyan jirage, amma tun shekarun 1950 kamfaninta na ƙasa ya kafa makarantar horarwa da sashen gyara, har Addis Ababa ta zama wurin da kamfanonin Afirka ke kai jirage garambawul. A Najeriya an rushe Nigeria Airways a 2003. Kamfanonin da 'yan Arewa suka kafa, daga Kabo Air a 1980 zuwa Max Air da Azman, sun yi ta jigilar alhazai da fasinjoji, amma babban garambawul na jiragen ƙasar an daɗe ana yin mafi yawansa a waje, ana biya da dala. Sai a 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala irin wannan garambawul a kan Boeing 737 a Legas. Kowace dala da ta fita don gyara albashi ne na injiniyan da aka yaye a gida bai samu aiki ba.

Gwamnatin Kano, a zangon mulki na biyu na Rabi'u Musa Kwankwaso, ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Wannan ya nuna cewa jiha tana iya zuba kuɗi a fannin idan ta so. Ya kuma nuna cewa takardar shaida rabin tafiya ce, domin matuƙi sai da ƙwarewa a kan samfurin jirgi da kamfanin da zai ɗauke shi. Haka abin yake ga injiniya.

Daga ƙasar Lautai

Gumel tana da nisan kimanin kilomita 120 daga Kano. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasar gero da riɗi da zoɓorodo da dabbobi. Filin jirgin jihar yana Dutse, an buɗe shi a 2014 a zamanin Gwamna Sule Lamido. Mai karatu zai iya tambaya me ya haɗa wannan yanki da injiniyancin jirgi.

Abu na farko shi ne buƙata. Duk shekarar da tsuntsaye jan baki suka sauko wa gonakin Jigawa da Yobe, jirgin haya ake nema ya yi feshi, kuma sau da yawa kafin ya iso an riga an yi ɓarna. Shirin dasa itatuwa don tare hamada ya ratsa arewacin jihar, kuma sanin itacen da ya rayu da wanda ya mutu a faɗin dubban kadada aiki ne da ƙaramin jirgi marar matuƙi zai yi a kwanaki kaɗan. Haka auna gonaki da burtali, abin da ke haddasa rigima tsakanin manoma da makiyaya da masu zuba jari. Haka sa ido a kan doguwar iyakar da ta bi ta Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. A jihar Kaduna, tun 2022 kamfanin Zipline yake kai magunguna da alluran rigakafi asibitocin karkara da irin waɗannan jirage. Ƙera jirgin fasinja sai ƙasa ta tashi tsaye. Ƙera jirgin da faɗin fiffikensa bai wuce mita uku ba, wanda zai jure zafin Afrilu da ƙurar Janairu, aiki ne da injiniyoyi biyar masu horo za su iya a rumfa ɗaya. Yankin ciniki marar haraji da aka kafa a Maigatari an yi shi ne don irin masana'antar da ke shigo da sassa ta haɗa ta fitar.

Abu na biyu shi ne tushe. Tsarin makarantun sakandaren kimiyya da tsohuwar jihar Kano ta fara a 1977, da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, shi ya samar da da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa na wannan zamani, kuma Gumel tana da tata, Sakandaren Kimiyya ta Lautai. A garin ne kuma Kwalejin Ilimi ta jihar take, inda ake yaye malaman da za su shiga azuzuwan ƙauyukan Sule Tankarkar da Gagarawa. Yaron da bai samu malamin lissafi nagari a aji uku na ƙaramar sakandare ba, an rufe masa ƙofar Kaduna da ta Malete tun bai san da su ba. Yarinyar da aka cire daga makaranta a wannan aji, haka. Kuɗin tura ɗalibi ɗaya waje koyon tuƙi zai iya gyara ɗakunan gwajin fiziks na makarantu da dama.

Ga wanda ya samu shiga, digirin ba ya ɗaure shi ga jirgi kaɗai. Wanda ya iya lissafin kwararar iska a kan fiffike zai iya na fankar samar da lantarki da na famfon ban ruwa. Wanda ya san injin jet ya san injin tashar lantarki mai aiki da iskar gas, domin tushensu ɗaya. Wannan kariya ce a ƙasar da guraben aikin jirgi ba su da yawa.

A 1925 mutanen Kano sun tsaya a gefen fili suna kallon jirage uku sun sauko daga gabas. A 1940 'ya'yansu suka mirgina wa jirage gangunan mai. Bayan 1964 jikokinsu suka fara tuƙi da gyara a Zariya, a 2018 kuma aka buɗe wa tattaɓa-kunnensu ajin ƙira a Kaduna. Matakin da ya rage shi ne rumfar aiki da mai saye: gwamnatin jiha ko ma'aikatar gona da za ta ce tana son jirgin feshi ko na awon ƙasa, ta ba injiniyoyin gida kwangilar, ta jira su gwada su kasa su sake, kamar yadda Barazil ta jira ɗaliban São José dos Campos shekara 18.